Masallacin da Na Gina a Kan Dutsen Ƙanƙara

Tun da muka dawo ban sha ruwa da daɗi ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na buɗe shago a cika mini benci, har wani abokina ya hau mota takanas daga Katabu ya zo Unguwar Dosa don kawai ya ji ko da gaske ne na taka dusar ƙanƙara da ƙafata. Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya tambaya in tura masa, ya karanta, ya bar ni in sayar da labulena.

Wanda bai san ni ba, ni ne Alhaji Sabi'u Mai Labule, kuma abu uku ne Allah bai jarrabe ni da su ba: tsoro, jin sanyi, da ƙarancin murya. Ina saurayi, tsamiyar da ake cewa akwai mutanen ɓoye a kanta, a gindinta nake cin rake. Sanyi kuwa, ranar da kowa ya naɗe kai da rawani, ni da singileti nake alwala a tsakar gida. Murya ba sai na faɗa ba, in na yi atishawa a Kawo, a Katabu ake yi mini addu'a. Da waɗannan uku na tafi ƙasar Turawa. Abin da na dawo da shi za ku ji.

'Yata ta fari, Ummi, wadda na sa wa sunan mahaifiyata, tana aikin jinya a Gilasgo, can arewacin Birtaniya. Ita da mijinta, Injiniya Nura, suka aiko mana da takardun gayyata ni da Hajiya, uwargidana, wai mu je mu yi hutun ƙarshen shekara tare. A waya Injiniya ya ce, "Baba, har hawan dutse za mu kai ku, in kuna so." Na ce masa ni da na hau Kufena da silifas, wane dutse ne zai nuna mini? Da ladabi irin na suruki mai tarbiyya ya ce, "Haka ne, Baba."

Daga Kaduna zuwa Abuja ba labari. A jirgin sama ma ba labari, sai dai Hajiya ta riƙe carbi tun daga tashi har sauka, ni kuma na cinye abincina da nata. Labari ya fara ne a inda ake duba kaya. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya bi layi yana sunsuna jakunkuna, ya wuce Bature, ya wuce Ba'indiye, ya zo gaban jakata ya zauna kamar an ba shi kujera. Ma'aikaciyar da ke riƙe da karen ta tambaye ni cikin ladabi ko akwai nama a ciki. Na ce babu nama, kilishi ne. Ta buɗe, ta ɗaga shi sama tana juyawa kamar mai duba tsohon zane. Aka ce doka ba ta yarda ba. Na yi bankwana da kilishina. Kuka da daddawa da yajin Hajiya kuwa suka wuce lafiya, ko da yake karen ya yi atishawa har sau uku a kan daddawar.

Mun yi kwana huɗu a gidan Ummi kafin mu ɗauki hanyar duwatsu. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne rana. Ranarsu ba ta hawa tsakiyar sama. Takan leƙo can gefe wajen ƙarfe tara, ta ja jiki kamar mara lafiya, kafin ƙarfe huɗu ta koma. Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna kamar motocin kai amarya, da alwala ɗaya sai ka yi su duka. Sannan a cikin gari ba mai gaishe ka. Na yi wa maƙwabcinsu sallama, na tambaye shi gida da iyali da gajiya, ya tsaya yana kallona kamar na zo karɓar haraji.

Ranar tafiya suka yi mana shiri. Aka sa mini riga a kan riga har huɗu, da wando biyu, da takalmi mai nauyin turmi, da safar hannu, da hular ulu mai rufe kunne. Na ce a bar ni da hulata zanna, Ummi ta ce, "Baba, iska za ta kai ta wata ƙasar." Hajiya ta ɗora hijabinta a kan jaket, ta zama kamar buhun auduga mai tafiya. Na faɗa mata haka. Ta ce in dubi madubi tukuna.

Injiniya ya tuƙa mu awa uku zuwa arewa. Da muka bar gari sai duniya ta fara ƙarewa a hankali. Gidaje suka ragu, itatuwa suka ragu, daga baya sai duwatsu farare kawai, dama da hagu, da wani ruwa baƙi ƙirin kwance a tsakaninsu ba ya motsi. Ba mai talla a bakin hanya, ba mai facin taya, ba ko akuya. A wurare da dama muka wuce kufai, gidajen dutse ba rufi, tumaki na tsaye a cikin ɗakunan suna kallonmu ta taga. Na tambayi Injiniya ina mutanen. Ya ce an tashe su tun zamanin da, aka ba tumaki ƙasar. Hajiya ta ce, "Allah ya kyauta." 

Masaukinmu gidan wata tsohuwa ne a ƙarshen wani ƙauye da bai kai gida goma ba, tana ba da hayar ɗakuna biyu. Sunanta ya ƙi zama a bakin Hajiya, sai ta mayar da ita Iya Marka, tsohuwar kuma ta amsa. Doguwa ce, siririya, idonta kalar ruwan kwalba. Ta ba mu miyar kifi mai madara da burodi, wadda ta yi daɗi bayan Hajiya ta zazzaga mata yaji a ɓoye. Da safe kuma ta kawo wani kunu mai kauri, da gishiri maimakon sukari. Na sha don kada in ɓata wa mai gida rai, amma kunun da ba zaƙi, ba tsamiya, ba ƙosai a gefe, ni a wurina magani ne.

Abu biyu na lura da su a gidan. Na farko, shiru. Ba janareta, ba rediyon maƙwabci, ba kiran salla, ba ko kukan zakara. Shirun har ƙara yake yi a kunne. Na biyu, a bakin ƙofa akwai takalman namiji manya, an goge su suna sheƙi, amma ba namiji a gidan. Ummi ta tambaye ta, ta fassara mana da ƙaramar murya. Na mijinta ne. Makiyayi ne, ya hau dutsen da ke bayan gidan neman tumaki wata rana da hazo ya sauko, sai bayan ƙanƙara ta narke aka same shi a ƙasan wani kwari. Waɗannan takalmansa ne na zuwa coci. Tun daga lokacin, duk baƙon da zai hau sai ta rubuta sunansa da lokacin da ya ce zai dawo, kuma tana kunna fitila a taga tun kafin duhu.

Ta rubuta sunayenmu huɗu. Da ta zo kan nawa ta ɗago ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce wani abu. Ummi ta ce, "Wai kada ku rabu da juna, Baba." Na ce a gaya mata ta kwantar da hankalinta, tana magana ne da wanda ya hau Kufena.

Muka fara hawa da hantsi, in dai za a kira wannan hantsi. Ƙanƙara tana ƙara a ƙarƙashin takalmi kamar ana taunar gurguru. Abin mamaki, Turawan da ba sa gaisuwa a gari, a kan dutse kowa sai ya gaishe ka. Mun gamu da wani tsoho da kare, da wasu mata biyu da sanduna, duk suka yi mana murmushi suka ce yau rana ta yi kyau. Na ce wa Injiniya ashe gaisuwar tasu a kan dutse suke ajiye ta. Bayan su ba mu ƙara ganin ɗan Adam ba. Sai wani hankaka baƙi gaba ɗaya, ba farin ƙirji irin namu, da ya riƙa bin mu daga dutse zuwa dutse yana kallo. Can kuma wani abu ya yi gyatsa a bayana, irin gyatsar tsoho bayan tuwo. Na juya, ba kowa. Injiniya ya nuna mini wata tsuntsuwa fara sol a kwance cikin ƙanƙara, ya ce kukanta ke nan. Na ce to. Amma na ɗan matso kusa da Hajiya, don in kare ta.

A kan hanya, can da can, muna wuce tulin duwatsu, wani ya kai gwiwa, wani ya kai cinya. Na ga Injiniya yakan ɗauki ɗan dutse ya ɗora a kai in mun zo wucewa. Ban tambaye shi ba. A raina na ce yaron nan zaman Turai ya fara koya masa camfi, in mun koma gida zan sa Hajiya ta yi wa Ummi magana.

Bayan kamar awa biyu muka iso wani fili a kan kafaɗar dutsen, inda akwai tuli mafi girma, ya kai mini ƙugu. Nan gwiwar Hajiya ta ce ba ta ƙara taku. Ni kuwa ƙafata lafiya lau, numfashina ne kawai ya ɗan yi gaba ya bar ni, sai na ce ba zan bar matata ita kaɗai ba. Injiniya ya so mu juya gaba ɗaya. Ni na hana. Na ce ƙololuwar ga ta nan ana gani, su matasa su je su taɓo mana ita, mu za mu yi salla mu sha shayi. Ummi ta tuna mini maganar tsohuwa. Na ce rana tana haske, sama garau, me zai faru?

Injiniya ya duba sama, ya duba agogo, ya ce, "To Baba, minti arba'in mun dawo. Don Allah ku zauna nan. Daga nan ake karya kwana a gangara ƙauye. Wanda ya miƙe gaba," ya nuna da sanda, "kwarin nan ne da aka ba mu labari. Ƙanƙara takan yi masa baki, mutum ya ɗauka ƙasa ce."

Ya faɗi haka, amma bai ce tulin shi ne alamar kwanar ba. A wurinsa abu ne da kowa ya sani.

Suka tafi. Na duba agogo, Azahar ta yi. Kun san al'adarmu: ko a tasha, ko a bakin gona, ko a hanyar Birnin Gwari, in za a yi salla a fili sai a jera duwatsu a zagaye wurin, a fitar da alƙibla, ya zama masallaci. Na duba ko'ina fari fat, ba dutse ko ɗaya a waje sai wannan tuli da aka tara mini kamar an san zan zo. Wani tunani ya zo mini mai daɗi. Na ce, "Hajiya, yau zan gina masallacin farko a kan dutsen nan. Har Unguwar Sarki sai an ji labari."

Ta ce, "Alhaji, ka bar duwatsun mutane. Ba ka san wanda ya tara su ba."

Na ce, "Wa zai tara? Camfi ne. Gara su yi aikin lada."

Ƙanƙara ta manne su da juna, sai da na sa sanda na ɓamɓare. Na yi gumi a cikin riguna huɗu. Wayata ta nuna mini alƙibla kafin sanyi ya kashe ta. Na jera sahu, na fitar da wurin liman, har ƙofa na bari ta shiga. Da na gama, tulin ya koma daidai da ƙasa, masallacina kuma ya fito tsaf, zai ci mutum shida. Muka shimfiɗa wata jaket da ke cikin jakarmu, na ja mu Azahar da La'asar a haɗe, ƙasaru.

Da na sallame na juya, sai na ga kwarin da ke bayanmu ya cika da wani farin abu, kamar an zuba madara a ƙwarya, yana tasowa a hankali ba ƙara. A cikin farin nan kuwa, mutum ne a tsaye. Tsawonsa ya fi hasumiyar masallacin Juma'a. Baƙi ne, ba fuska, ƙafafunsa dogaye sun miƙo har zuwa inda nake, kuma an zagaye kansa da bakan gizo. Na ɗaga hannu zan yi addu'a, ya ɗaga nasa. Na sauke, ya sauke.

Ba zan ce na ji tsoro ba. Na dai tsinci kaina a manne da Hajiya ba da shawarata ba.

Na ce, "Hajiya, kina ganinsa?"

Ta miƙe ta duba ta daɗe. Ta ce, "Ni mace nake gani. Da hijabi. Tana riƙe da filas." Ta ɗaga filas ɗin shayi, ta sauke. "Alhaji, inuwarka ce. Rana ce a bayanmu."

Na yarda da bakina, amma ni ban ga tata ba, ita ba ta ga tawa ba, kuma inuwar da na sani a ƙasa take kwanciya, ba ta tashi tsaye ta kalle ka. Kafin in gama wannan lissafi, farin ya iso. Ranar ta mutu kamar an hure fitila. Mutumin ya ɓace, kwarin ya ɓace, ƙololuwa ta ɓace. Na miƙa hannuna, da ƙyar nake ganin safar. Iska ta taso tana kwasar ƙanƙara tana watsa mana a fuska kamar tsakuwa, cikin ɗan lokaci ta shafe sawun ƙafafunmu, ta fara binne masallacina.

Akwai wani ƙaton dutse da muka gani tun da farko, kamar taku talatin daga wurin. Muka lallaɓa muka fake a bayansa, muka rakuɓe. Minti arba'in ya wuce. Awa ta wuce. Hajiya tana jan carbi, ni ina kallon fari. A cikin irin wannan hazo ba sama ba ƙasa, ba gabas ba yamma. In ka daɗe kana kallo sai ka ga abubuwa suna tafiya a ciki.

Sai muka ji taku. Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Da murya, siririya, kamar daga cikin rijiya: "Baba. Umma." Ta fito ta dama. Can kuma ta fito ta hagu.

Hajiya ta yunƙura, na damƙe hannunta. Na raɗa mata, "Kada ki amsa." Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan, ba a amsa kira a daji in ba ka ga mai kiran ba. Tun muna yara ake gaya mana suna aron muryar naka. Ga shi kuma na ga mai wurin da idona.

Muka yi tsit. Takun ya zo kusa, ya tsaya, na ji muryar namiji yana cewa wani abu, sannan takun ya ci gaba. Yana raguwa. Yana tafiya gaba, ba ƙasa wajen ƙauye ba.

Hajiya ta juyo ta dube ni. Gashin idonta duk ƙanƙara. Ta ce, a hankali, "Alhaji. Tulin nan suke nema. Shi ne alamar kwana. Ba su gan shi ba, ba su gan mu ba, sun ɗauka ba su iso ba tukuna." Ta nuna inda takun ya bi. "Can ina ne?"

Na san ko ina ne. Injiniya ya nuna mini da sanda.

 'Yata, da na ɗauka a tafin hannuna ranar suna, tana tafiya zuwa bakin ramin da ya ci mijin Iya Marka, kuma ni na cire mata alama da hannuna, ni kuma na hana uwarta amsawa. Na miƙe, na cika ƙirji, na buɗe bakin nan da ake ji a Katabu. Abin da ya fito, ko kazar da mura ta kama ta fi shi. Sanyi ya shaƙe ni, haƙorana suna kaɗawa. Na sake gwadawa. "Ummi." Ni kaina da ƙyar na ji, iska ta ɗauke sauran.

Hajiya ta ture ni gefe. A nan sai in gaya muku wani abu. Kafin in aure ta, a danginsu na Zariya ba a kai amarya sai da ita, don ita ce mai guɗa. Ni na hana ta bayan mun yi aure, na ce matar Alhaji ba ta wannan. Shekara talatin da wani abu ban ji ta yi ba. Ta cire safar hannu da haƙori, ta kama hanci, ta ɗaga kai sama, ta rangaɗa.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba. A gidan biki guɗa farin ciki ce. A kan wannan dutse, cikin farin nan, ta fita kamar wuƙa, ta bugi duwatsun da ba ma gani, ta dawo mana sau uku, kamar wasu mata ne can a ɓoye suke amsa mata. Gashin jikina ya tashi a ƙarƙashin riguna huɗu. Ta ja numfashi ta sake. Ta sake.

Shiru. Iska kawai.

Sai can, nesa, muka ji usur. Fiit, fiit, fiit.

Hajiya ba ta tsaya ba. Tana yi, usur na amsawa, yana matsowa, har wasu inuwoyi biyu suka fito daga cikin farin, riƙe da hannun juna. Ummi ta faɗa jikin uwarta tana kuka ba sauti. Ta ce, "Umma, da na ji na ce wannan ko a lahira na ji ta na san taki ce." Ashe a bayan idona ba ta taɓa dainawa ba. Injiniya ya zauna a ƙasa, abin da bai taɓa yi a gabana ba sai an ce ya zauna. Hannunsa ɗaya ba sanda. Na tambaye shi ina take. Ya ce yana tafe yana caka ta a gabansa, ya caka sau ɗaya ta wuce, ba ta taɓa komai ba, ta tafi. A daidai lokacin suka ji guɗar.

Da ya huta ya ce, "Abin da ban gane ba, ina tulin? Na ƙirga takuna daidai, kamfas ma ya nuna nan ne."

 Hajiya ta kama hannunsa ta kai shi, ta share ƙanƙara da ƙafa, sahun duwatsuna ya fito, da wurin liman, da ƙofa. Injiniya ya tsaya yana kallo. Na ga muƙamuƙinsa yana motsi. Ɗan mutane, da tarbiyya. Ya haɗiye abin da ya haɗiye, ya ce, "Baba, masallacin ya yi kyau. Alƙiblar ma daidai take." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bai yarda mu sauka ba sai da muka mayar da tulin, don akwai wasu da za su biyo hanyar gobe. Mu huɗu muka kwashe masallacina dutse bayan dutse, yatsu sun ƙage. Ni na ɗora na ƙarshe. Sannan ya sa mu a layi, kowa ya riƙe jakar na gabansa, muka gangara kamar makafi. Ni ne a tsakiya. Ban nemi gaba ba.

Wajen ƙarfe huɗu, duhu na shigowa, muka fito ta ƙasan hazon, muka hango fitila ɗaya a taga. Iya Marka tana tsaye a ƙofa da mayafi, waya a hannunta, saura kaɗan ta kira masu ceto. Ta ƙirga mu da yatsa, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ta sake ƙirgawa. Sannan ta ce wa Ummi ta ji wani kuka daga kan dutse da iska ta kawo. A wurinsu, in ji ta, tsofaffi suna cewa akwai wata mace da ke kuka a kan duwatsu in wani zai mutu, kuma ita ta taɓa jin ta sau ɗaya, ranar mijinta. Ummi ta ce mata wannan dai uwarta ce, kuma a wurinmu ana yin sa ne in an yi aure ko haihuwa. Tsohuwar ta dubi Hajiya ta daɗe, ta kama hannayenta biyu ta riƙe. Ta je ta soke sunayenmu a littafinta.

Ummi ba ta gaya mata zancen tulin ba. Ni na sa ta faɗa, don abin ya tsaya mini a wuya. Iya Marka ta saurara har ƙarshe, ta ce mijinta da ubansa suna cikin waɗanda suka tara shi.  Ta zuba mini miya fiye da ta kowa, kuma wallahi ban taɓa cin abinci mai nauyin wannan ba.

Sauran kwanakin a bakin ruwa muka yi yawo, inda ƙasa take a shimfiɗe. Muryata ba ta dawo ba sai a Abuja.

Washegarin dawowarmu abokai suka cika mini falo, ana sannu da zuwa, ana cin alewar da muka kawo. Malam Ɗanjuma tela, abokina tun na ƙuruciya, ya ce in ba su labari. To kun san ni. Na fara da aljanin, na ƙara masa tsawo kaɗan, na ba shi jajayen idanu, na ce mun yi kallon-kallo da shi har ya sunkuyar da kai ya ɓace. Ina cikin bayanin yadda na tsaya kamar soja na tsara yadda za a ceto yaran, sai Hajiya ta shigo da tiren shayi. Malam Ɗanjuma ya ce, "Hajiya, sannu da hanya. Ashe haka kuka yi fama da aljanu a can?"

Ta ajiye tiren, ta gyara mayafi, ta ce, "Ni dai aljani ɗaya na gani a kan dutsen nan, Malam. Kuma da shi na dawo, kujerarsa na kusa da tawa a jirgi."